Haihuwar Dudu Bakwai Ce, Ba Huɗu Ba

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kin sauka Mararaban Rido lafiya, kin sami kawunki Yohanna da iyalinsa ƙalau. Tun da motar ofishinku ta bar Godogodo da ke da kwamfutarki a naɗe cikin bargona, nake roƙon Allah ya tsare ku daga ramukan hanya da gudun manyan motoci. Babanki yana gaishe ki, ya ce in tambaye ki ko bargon zai dawo ko shi ma ya sami aiki a Kaduna.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yaushe ma kika tafi. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni rubutu, kuma ina so ki karanta kafin ki miƙa wa manyanku wannan aikin. Kin tuna Dudu, doguwar Bafulatanar nan ta rugar hayin rafi, wadda ta zo awo ranar da kuka kawo kwamfuta ɗakin shan maganinmu don gwaji? Kin tambaye ta haihuwarta nawa, ta ce huɗu. Kika buga huɗu, kwamfuta ta karɓa, ta fito da takarda cewa babu buƙatar a tura ta babban asibiti. Ni a lokacin ina ɗakin ciki ina duba wata, sai bayan kun tafi na ga kwafin takardar. Rifkatu, haihuwar Dudu bakwai ce, wannan cikin na takwas ne. A haihuwarta ta ƙarshe ta zubar da jini har na ɗauka ba za ta tashi ba, ni da na tsufa a aikin ungozoma. Mace irinta ba a bari naƙuda ta same ta a ruga. Kafanchan ake kai ta tun da wuri, ta zauna kusa da likita. Ga damina ta kankama, idan rafin nan ya cika ba mai iya ƙetarewa da mace mai naƙuda.

Zan dawo kan Dudu. Bari in fara gaya miki abin da ban sami bakin faɗa ba a ranar, saboda ƙarar janareto da yawan 'yan kallo. Aikinki ya burge ni. Ni a zatona kwamfuta tafireta ce da aka sa wa gilashi, duk abin da aka danna sai ta rubuta. Da kika ce in gwada buga sunana a gurbin nauyi, na danna na danna, ta ƙi fito da ko harafi ɗaya, amma ina taɓa lamba ta karɓa. Har yau ina juya abin a raina. Kin ce ke kika koya mata ta duba kowane maɓalli kafin ta bari ya shiga. To ta yaya ake koya wa abin da ba shi da kunne? Kuma idan mutum ya yi mata kuskure iri ɗaya tun safe har la'asar, ba ta taɓa gajiya ta ce ya shige kawai? Ni dai ina gajiya, kin sani.

Kuma ta kama ni ƙiri-ƙiri. A katin wata mai awo, Laraba, na juya lambobin hawan jini, ta ƙasa ta koma sama, kwamfuta ta tsaya ta ce wannan ba zai yiwu ba. Katin ya bi ta hannuna ya bi ta hannun nas, ba wadda ta lura. Don haka kada ki ɗauka tsohuwa ce ke kishi da na'ura. Ina so ne abin nan ya yi kyau, domin kin ce idan manyanku sun amince za a kwafe shi a rarraba wa sauran ɗakunan shan magani, inda babu wanda ya san Dudu balle tarihinta.

Ki tuna Mama Kande ta zumuntar mata, da ta zo kallo ta nace sai an sa ta a ciki ita ma. Ta ce haihuwarta goma sha uku, kwamfuta ta ƙi, domin kin tsayar mata da iyaka a goma sha biyu. Mama Kande ta riƙe ƙugu ta ce, "Ka gaya wa wannan abu naka, shi ne ya haife su ko ni ne ya haife su? Duka na nan da rai, biyu ma na soja." Kowa ya yi dariya, har ke. Ni kuwa sai na tuna farkon aikina. Sikelin da muka gada daga turawan mishan da laba yake awo, jariri mai lafiya yakan yi laba bakwai ko kusa da haka. Wata rana aka kawo mana sabon sikeli mai kilo, ba wanda ya tsaya ya yi mini bayani. Na ɗora wani ƙaton yaro, allura ta tsaya a huɗu. Hannuna yana gaya mini yaron nan yana da nauyi, idona yana ganin kumatunsa, amma na bi lamba. Na ce bakwaini ne, na sa aka hura gawayi, aka naɗe shi cikin zannuwa har ya fara gumi, uwarsa tana kuka tana tambayata ko zai rayu. Sai da sista ta shigo ta nuna mini ɗan rubutun da ke jikin sikelin. Yaron nan yanzu shi ke dakon buhunan citta a kasuwar Kafanchan, in ya gan ni yakan ce, "Mama, bakwaininki na gaisuwa."

Shawarata a nan biyu ce. Kowane gurbi ki rubuta a gefensa abin da ake aunawa da shi, kilo ne ko laba, wata ne ko mako, don akwai wuraren da har yau tsohon sikeli suke amfani da shi. Sa'an nan idan lamba ta yi wa kwamfuta yawa ko ta yi mata kaɗan, kada ta ƙaryata mutum. Ta tambaya ko an tabbata, in an ce an tabbata ta karɓa ta yi alama a gefe. Abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, kamar lambobin Laraba da na juya, wannan ta ƙi shi. Abin da ba a saba gani ba kuwa yana faruwa, Mama Kande tana nan tana cin tuwonta.

Sai yarinyar nan da ta zo da uwar mijinta, aka tambaye ta haihuwa nawa ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Kwamfuta ba ta yarda a wuce gurbi babu komai a ciki ba, layi kuma ya yi tsawo, sai na ga Malam Danjuma na ofishinku ya miƙa hannu ya danna sifili don a ci gaba. Ban ga laifinsa ba, ni ma na taɓa yin haka da biro. Wata mata ta zo mini da naƙuda, baƙuwa ce, na tambaye ta ko ta taɓa haihuwa, ta kawar da kai ba ta amsa ba. Na ga fuskarta ta yarinta, na rubuta sifili, na ce a raina cikin fari ne, naƙudar fari kuwa takan daɗe. Na shimfiɗa mata tabarma a baranda, na tafi gida cin gwate hankalina kwance. Ban kai rabin kwano ba na ji ana kirana. Kafin in iso jaririya ta riga ta faɗo, wata mai tallar nono ce ta tare ta da zanenta. Ashe haihuwarta ta huɗu ce. Allah ya rufa asiri ba abin da ya sami uwa ko 'ya, amma tun ranar ban ƙara rubuta sifili a wurin da aka yi mini shiru ba.

Don haka ki ba ma'aikata wani ɗan wuri da za a danna idan mace ba ta faɗa ba, kwamfuta ta ajiye shi a matsayin ba a sani ba tukuna, ta riƙa tunasar da ma'aikaciya ta sake tambaya idan ɗaki ya yi sarari. In kin tilasta wa ma'aikaci ya cika gurbi, zai cika shi da abin da ya zo hannunsa, domin shi ma yunwa yake ji kuma mata suna jira. Ina ma son in sani, ita kwamfutar a cikinta tana iya bambance sifili da babu komai, ko duk ɗaya ne a wurinta? Ki amsa mini wannan idan za ki rubuto.

Akwai kuma ƙarar nan da take yi idan ta ƙi lamba, da ɗan allon da ke fitowa mai jan alama, da dogon Turanci. Na lura duk lokacin da ta yi, matar da ke zaune sai ta zabura, na bayanta su miƙo wuya su ga abin da ta yi. Wata ma na ji tana cewa, "Ya kama ta da ƙarya." Wannan ya taɓa ni, don ni ma na taɓa zama wannan ƙarar. Akwai wata Bafulatana da duk cikin da ta zo da shi sai ta ce mini shekarunta ashirin. A karo na uku na kasa haƙuri, na ce a gaban mata, "Ke shekarunki ba sa tafiya ne?" Aka yi dariya, ita ma ta yi murmushi, ta ɗaura goyonta ta tafi. Ba ta dawo ba, kuma matan rugarsu suka ɗauke ƙafa na tsawon lokaci. Ita ba ƙarya take yi ba, ba ta ƙidaya shekaru ne, ashirin ɗin ta ba ni don ta ga ina son lamba.

Kin kuma san yadda muka sha wahala bayan tashin hankalin da aka yi a Kafanchan kina makarantar sakandare. Matan ruga suka daina zuwa ɗakin shan maganin coci gaba ɗaya, sai da muka yi ta bin su da ƙafa, gaisuwa bayan gaisuwa, kafin suka dawo. Abin da aka gina da wuya haka bai kamata ƙarar na'ura ta rushe shi ba. Ki rage mata murya. Abin da za ta faɗa ta faɗa wa ma'aikaciya a hankali, da gajeriyar magana, da Hausa in zai yiwu, ta nuna gurbin da ke da matsala. Kuma kada ta share sauran abin da aka riga aka buga saboda kuskure ɗaya, kamar yadda ta yi wa Malam Danjuma har ya fara magana da yarensu.

Yanzu Dudu. Ba ƙarya ta yi miki ba ita ma. 'Ya'yan da ke gabanta huɗu ne, su ta ƙirga. Ɗanta na fari yana wurin kakarsa tun da aka yaye shi, kuma kin san Bafulatana ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta sa shi a lissafi a gaban jama'a, kunya ba za ta bar ta ba. Biyu kuma sun koma, ɗaya da ƙyanda, ɗaya ko kuka bai yi ba. Waɗannan ba a tayar da zancensu. Huɗun da ta ba ki lamba ce mai kyau, ba harafi a ciki, ba ta wuce iyaka ba, kwamfuta ba ta da dalilin ƙi. Abin da ya fi damuna shi ne, lokacin da kike tsara gurabun nan kin tambaye ni ko gurbi ɗaya ya isa wa haihuwa, na ce miki ya isa. Ban yi tunani ba, domin ni kaina ba haka nake tambaya ba, hannuna ya saba da aikin har na manta yadda nake yinsa.

Ga yadda nake yi. Ba na tambayar matar ruga haihuwarta nawa. Ina zama kusa da ita da 'yan ƙwayoyin masara a hannu, in ce, "Da aka kawo ki gidan miji, a ina kuka yi damina ta farko?" Sai ta faɗi wurin. In ce, "A can kin yi wankan jego?" In ta ce e, in ajiye ƙwaya ɗaya a kan benci. Mu tashi daga wannan ruga mu bi shanu zuwa ta gaba, daga wajen Kagoro zuwa bakin Kogum, daga can zuwa hayin rafi. Wuraren da suka zauna ba ta manta ko ɗaya. Inda ta ce ta yi wankan jego amma ba ta ambaci suna ba, ba na tambaya, ina ajiye ƙwayar a gefe. In mun gama ni ke ƙirga masarar, ita ba ta furta lamba ba, ba ta kama sunan kowa ba. Ban sani ba ko ana iya koya wa kwamfuta tafiya irin wannan. In ba a iyawa, ki raba gurbin gida-gida: waɗanda ke gabanta, wanda ke hannun kaka ko wani dangi, waɗanda suka koma, da ɓari. Kwamfuta ta haɗa da kanta, tunda lissafi ba ya ba ta kunya. A saman gurabun kuma ki rubuta wa ma'aikaciya cewa ta yi wannan tambaya ba a gaban mutane ba.

Na je rugar da kaina bayan sujada ranar Lahadi, ruwan rafin ya kai mini gwiwa. Dudu ta ba ni fura, uwar mijinta ta goyi bayana. Mijinta Malam Buba ne ya ƙi. Ya ciro takardarki daga aljihu, a naɗe cikin leda kamar takardar filin gado, ya ce, "Malama, ba raina ki muka yi ba, ke kika karɓi yaran gidan nan. Amma injin nan bai san mu ba, bai san ku ba. Ba ya zuwa coci, ba ya zuwa masallaci, ba ya son kai. Shi ya ce ba sai an je Kafanchan ba." Na ce masa injin abin da aka gaya masa ya maimaita. Ya ce, "To ki sa ya faɗa da bakinsa." Ban ji haushinsa ba. Kai mace birni ta zauna tana jiran naƙuda ba ƙaramin abu ba ne gare su, ga tatsar nono, ga yara, ga shanu. Ya sami takardar da ta sauke masa wannan nauyi, don me zai sake ta saboda maganar tsohuwa? Abin mamakin dai shi ne, na yi shekara da shekaru ina neman su yarda da takardar asibiti, ga shi sun yarda da ita har ta fi ni.

Saboda haka ga roƙona, kuma shi ne gaba da duk shawarwarin da na ba ki. Ranar da wasiƙar nan ta same ki, kada ki jira sai kin gyara gurabu. Ki kunna kwamfutar, ki nemo sunan Dudu, ki goge huɗu ki buga bakwai, ki ƙara cewa ta taɓa zubar da jini. Takardar da za ta fito, ki ba direban da ya kawo miki wannan, yana juyowa Godogodo washegari in ya sami fetur. Ni zan ƙetare da ita da kaina in sa ta a hannun Malam Buba. Matar kawunki Ishaya a Kafanchan ta riga ta yarda Dudu ta sauka a ɗakinta. In manyanku sun tambayi dalilin jinkirin miƙa aiki, ki gaya musu gaskiya, ki ce gwaji ya nuna abin da ya kamata a gyara, ai don haka ake gwaji. Kada ki ji kunyar wannan, kuma duk inda aiki ya kai ki nan gaba, ki riƙa zama a bayan mai amfani da abin da kika ƙera kina kallon hannunsa da fuskar wanda ake tambaya.

Saura abu ɗaya. Da safen ranar gwajin, kafin mata su taru, kin zaunar da ni a gaban kwamfutar kin ce bari mu fara da Mama. Kika tambaye ni haihuwa nawa kina dariya, don kin san amsa. Na ce huɗu, kika buga, ta karɓa ba ƙara ba jan alama. Sai da na dawo daga rugar su Dudu, ina wanke laka a ƙafata, na tuna abin da bakina ya faɗa. Kafin yayanki Ishaku akwai wata yarinya, ba ta kai ranar suna ba, amma ni a raina Hannatu nake kiranta. Tsakaninki da ƙaninki Bitrus kuma akwai namiji, shi ma bai zauna ba, lokacin da aka ce miki Mama tana zazzaɓi aka kai ki gidan kakarki kika yi ta rigima. Ba ɓoye miki na yi niyyar yi ba. Tambayar ce ta zo da gurbi ɗaya, ni kuma na ba ta abin da zai shiga. Ni da ke zaunar da mata ina ajiye musu masara, ba wanda ya taɓa zama ya ajiye mini nawa, kuma sai yanzu na san ina so a yi. Idan kin buɗe sabon gurbin nan na waɗanda suka koma, ki fara gwada shi da sunana, ki buga biyu.

Ki gaishe da kawunki Yohanna da matarsa da yara. Ki riƙa cin abinci kafin ki zauna gaban gilashin nan, ki nemi majami'a kusa da ku, kada ki hau babur in an yi ruwa. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya ba ki tagomashi a gaban manyanki, ya riƙe ruwan rafin nan har takardarki ta iso, ya sauki Dudu lafiya. Ya kuma ci gaba da riƙe mini ku duka shida, huɗu a nan, biyu a wurinsa. Amin.

Ni ce mamarki,
Saratu